Tambaya da Amsa: Roadmaster ɗin Baba, mu sayar ko mu ƙara jira?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙo uku na ware a wannan karon saboda duk maganarsu ɗaya ce, tsofaffin babura da abin da ya samu kasuwarsu, kuma duka ukun daga nan cikin Legas suka fito. Na ɗan rage musu tsawo saboda wuri.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ya rasu yau shekara uku kenan, cikin abin da ya bari akwai Honda Roadmaster da ya saya sabo dal a 1982 lokacin yana aikin reluwe a Ebute Metta, har yanzu yana nan bayan gida an lulluɓe shi da tamfol. Ƙanina ne ya nuna mana bidiyo a waya inda aka yi gwanjon wani tsohon babur a Amurka kusan dala miliyan ɗaya, tun daga ranar ya kafe kan cewa kar wanda ya taɓa shi, wai duk shekara kuɗinsa ƙaruwa yake. To kwanan nan wani dillali ya zo ya taya dubu 300, ya ce ma mu gode Allah don kasuwar tsofaffin babura ta faɗi har a Turai. Mu bakwai ne magada, akwai mata akwai ƙanana biyu da ke makaranta. Dan Allah gaskiya ne kasuwar ta faɗi ko wayo yake so ya mana? Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bari. Ban ce dubu 300 ɗin nan shi ne ainihin kuɗin babur ɗin ba, dillali ai ba ya buɗe baki da abin da zai iya biya, amma maganar cewa kasuwa ta yi sanyi har a Turai wannan kam bai maka ƙarya ba.

Bari in fara da bidiyon ƙaninka tunda shi ya tayar da ƙurar. Ana sayar da babur a irin wannan kuɗin, ya faru. A Janairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wani Vincent Black Lightning a Las Vegas kan dala dubu 929, sannan a Janairun 2023 kamfanin Mecum ya sayar da wani Harley-Davidson ƙirar 1908 kan dala dubu 935, shi ma a garin dai. To amma ka duba dalili. Shi Black Lightning gaba ɗaya wanda aka ƙera a duniya bai wuce talatin da ɗoriya ba, kamfanin ma ya daina yin babur tun 1955, kuma wancan ɗin da aka sayar ya taɓa kafa tarihin gudu a Ostireliya a 1953. Shi kuma Harley ɗin shekararsa 115 a lokacin kuma irinsa da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Irin waɗannan attajirai ne ke ja-in-ja a kansu yadda suke yi a kan tsohon agogo ko zanen hoto, kasuwarsu daban take. Roadmaster kuwa Honda ta yi shi ne don mutum ya hau ya je aiki ya dawo ya ɗauko buhun masara a baya, ta jibge shi a Afirka da Asiya, Pakistan ma cike take da shi. Ƙarkonsa da sauƙin gyaransa da yawansa su suka sa muke son shi, su ne kuma dai suka hana shi yin tsada.

Yanzu abin da ya faɗar da kasuwar. Ka san wa ke riƙe farashin tsohon babur? Mutumin nan ne da ya yi ta kallon babur ɗin yana saurayi aljihunsa babu ko sisi, sai da ya manyanta ya samu abin hannu sannan ya tafi neman abin da ya fi ƙarfinsa a da, kuma nawa aka ce masa zai biya don ba ƙarfe yake saya ba ƙuruciyarsa yake saya. A Ingila da Amurka waɗanda aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1946 da 1964, su suka yi wannan aikin. Sun tashi suna ganin Triumph Bonneville da ya fito a 1959, da BSA Gold Star da Norton Commando, da suka kai hamsin sittin suka yi ta saye suna tarawa a gareji har wani ya tara goma sha, farashi ya yi ta hawa shekara da shekaru har mutane suka ɗauka haka abin yake ba zai taɓa saukowa ba. To yau na farkonsu suna bakin tamanin. Gwiwa ta daina iya buga kik, babur mai nauyi in ya karkata ba mai ɗaga shi, wasu sun riga mu gidan gaskiya 'ya'yansu sun kwashi garejin gaba ɗaya sun kai gwanjo rana ɗaya. Kaya ya yi yawa a kasuwa masu saye suna raguwa, kai ma da ka san kasuwar Mile 12 ka san abin da ke faruwa da tumatir ranar da motoci suka sauka da yawa.

Su kuma 'yan bayansu, masu shekara arba'in zuwa hamsin da su ke da kuɗin saye yanzu, ba da Norton suka yi mafarki ba, baburan Japan na shekarun 1980 da 1990 suka taso suna gani, can kuɗinsu yake zuwa. Ga kuma abin da ya biyo bayan korona, a 2020 zuwa 2022 mutane na zaune a gida ba tafiya ba biki sai suka yi ta sayen irin waɗannan kaya ta intanet farashi ya yi tsalle, daga baya tsadar rayuwa ta shigo, babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 cikin ɗari a 2021 har zuwa 5.25 a Agustan 2023, mai ajiyar kuɗi ya ga banki ya fi masa gareji, mai cin bashi kuma ya kama kansa.

Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai. Mu ma a nan labarin ɗaya ne, sunayen babura ne kawai suka bambanta. Iyayenmu da suka ci kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, a 1975 su suka cika tituna da Honda Benly da Vespa, ina tuna ranar da kawuna ya shigo unguwa da Benly 175 baƙi wuluk ledar kujera ma ba a cire ba, muka bi shi da gudu tun daga bakin titi har ƙofar gida, har yau in na ji ƙarar injin nan mai fistin biyu sai zuciyata ta motsa. Amma mu nawa muka rage da ke jin haka? Yaron da aka haifa a 2000 Jincheng ya sani da Bajaj da roba-roba, in kuma ya samu kuɗi babban mashin mai gudu yake so irin na samarin Lekki. Ka nuna masa Roadmaster zai ce maka babur ɗin tsofaffi ne, ba kuma raini yake nufi ba, ba shi da wani tarihi da shi ne kawai.

Sannan Legas tana da nata na daban. Tun dokar hanya ta 2012 zamanin Fashola aka hana baburan da ƙarfin injinsu bai kai si-si 200 ba hawa ɗaruruwan manyan tituna, kuma ka san Roadmaster duk da an rubuta CD200 a jikinsa ainihin injinsa 194 ne, kaɗan ya rage amma bai kai ba. A Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta ƙara matsa lamba, a 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumba aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, wanda aka kama kuma niƙe shi ake yi, mun gani da idonmu a talabijin an tula su katafila na bi ta kai. Dokar 'yan haya ta fi nufa na sani, amma wa zai ɗauki babur ɗin da ya kashe wa kuɗi ya shiga titi yana fatan mai kamu zai tsaya sauraron bayani? Mai kuɗin da zai iya sayen tsohon babur don sha'awa a Ikoyi ko Victoria Island yake zaune, duk cikin Eti-Osa, wato daidai inda ba zai iya hawansa hankali kwance ba. Ga mai da yake ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ya zo ya haura dubu a ƙarshen 2024, yawon shan iska ya zama sai an yi lissafi.

Akwai wani abu da nake so ka zauna ka nuna wa ƙaninka da biro da takarda, don shi ne ke ruɗin mutane da yawa. Zai ce maka ai da ana taya irinsa kaza yanzu ana taya fiye da haka, kenan ya hau. Naira ce ta sauka. A ɗauka misali a farkon 2023 an taya wani babur dubu 500, lokacin dala tana wajen 750 a hannun 'yan canji, kusan dala 670 kenan. A 2024 aka taya shi dubu 800 mai shi na murna ya samu ribar dubu 300, alhali dala ta haura 1,500, kuɗin bai fi dala 530 ba. Ya tambayi kansa buhun shinkafa nawa wancan kuɗin ke saye da, nawa wannan ke saye yanzu.

Abin da ya fi damuna ma a saƙonka shi ne tamfol ɗin nan da shekara ukun. Ɗan uwa babur ba fili ba ne da za a bari ya yi ta kwana yana ƙara daraja. Iskar Legas gishiri ne da laima, tamfol kuma riƙe gumi yake, man da aka bari a tanki ya riga ya lalace ya zama danƙo ya toshe kafireta, cikin tankin ya yi tsatsa, tayoyi sun tsage, salansa daga ciki take ruɓewa ba a gani sai ranar da ta huje, in kuma ruwa ya samu hanya ta ramin fulogi fistin ya kama to an shiga wani babin. Duk damina ɗaya da ta wuce a kansa kuɗi ne ke zubewa, kuma kuɗin marayu ne a ciki, wannan shi ya sa ban ga dalilin jira ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. A fito da shi a kira bakanike dattijo wanda ya yi zamani da irinsu, ba yaron da ya koyi aiki a kan Bajaj kaɗai ba, a wanke tanki da kafireta a canza baƙin mai da fulogi a sa batir a ga ko zai tashi, don babur da ke tashi da wanda ake turawa kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. A nemo takardunsa na asali, in har rasit ɗin 1982 na nan a cikin kayan Baba to ku riƙe shi da kyau yana ƙara masa kima. A ɗauki hotuna a tura wa mutane a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, can har yanzu akwai dattawa masu hawansa da masu neman kayansa. A samu tayi uku ko huɗu kafin a sallama wa kowa. Idan kuma ƙanin naka son babur ɗin yake saboda na Baba ne, wallahi wannan dalili ne mai kyau kuma ina girmama shi, sai a yi masa kuɗi a gaban kowa, malami ya fitar da rabon kowa, shi ya biya sauran nasu ya riƙe abinsa ya gyara ya dinga hawa ranar Juma'a. Abin da bai dace ba shi ne a riƙe haƙƙin mata da yara ana jiran dala miliyan da ba za ta zo ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne ina harkar canji a Obalende. Wani abokina da ke Birmingham ya ce tsofaffin Triumph da BSA sun yi araha sosai yanzu a wurinsu, ya ce in turo kuɗi ya saya min biyu ko uku a sako a kwantena in ajiye, in kasuwa ta dawo in sayar. Ya kake gani?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Abokinka ya faɗi gaskiya a rabin farko, sun yi sauƙi idan aka kwatanta da shekarun baya. Rabi na biyun ne nake da ja, wato in kasuwa ta dawo. Kai da ke canji ka saba da abin da ke sauka yau ya hau gobe, to wannan ba irinsa ba ne, masu sayen ne ke tsufa kuma ba a haifi waɗanda za su maye gurbinsu ba. Ka duba fa, a Ingila abin hawa da ya haura shekara 40 an yafe masa harajin hanya da gwajin lafiyar shekara-shekara, har kuɗin gurɓata iska da ake karɓa a Landan ba ya biya, duk da wannan gatan farashin bai tsaya ba.

Kuma kamfanoni sun gano inda zuciyar mutane take sun toshe ƙofar. Triumph ta dawo da sunan Bonneville a 2001, Royal Enfield ta Indiya na yin Classic 350, Kawasaki na da Z900RS, hatta sunan BSA da ya durƙushe a farkon shekarun 1970 wani kamfani da ke ƙarƙashin Mahindra ya saya ya fito da sabon Gold Star a 2021. Duk kamannin na da ne, amma da maɓalli ake tayarwa, birki na kamawa, ba ya ɗigar da mai a tsakar gida. Mai son kwalliyar da ba tare da wahalar da ba ya samu abin da yake so, me zai kai shi ga na 1965?

Sai kuma ka yi lissafin isowarsa nan. Fam za ka saya da nairar yau, ka biya jirgi, ka biya kwastan a Apapa ko Tin Can, ka biya ejan, in takarda ta maƙale kwantena ta kwana kuɗin kwana na hawa kullum. Ya iso gida sai a fara na gaske. Tsofaffin baburan Ingila giyarsu a ƙafar dama take birki a hagu, akasin abin da ƙafarka ta saba, notinansu ma awon Whitworth ne wanda sifanar bakanikenka ba za ta zauna a kai daidai ba sai dai ta cinye kan notin, wayarin wutarsu kuma da yawa a juye yake da na baburan Japan, wanda bai sani ba ya jona batir yadda ya saba sai ya ƙona kaya. Ka zaga kasuwar kayan gyara ta Ladipo tun safe har yamma da wuya ka samu ko gasket ɗinsu, komai sai an aiko daga waje da fam. Tun 1969 da Honda ta fito da CB750 mai fistin huɗu da maɓallin tayarwa da birkin faranti Turawan da kansu suka fara guje wa nasu saboda irin waɗannan matsalolin. Araha ba ta ado Alhaji.

In sha'awa ce ke cinka, ka sayi ɗaya mai lafiya da cikakkun takardu da kuɗin da ba za ka yi kukansa ba, kuma kar ka tura kobo sai ejan ɗinka ya tabbatar maka a rubuce yadda za a fitar da shi daga tasha da abin da za a biya. Wannan ina bayanka, lokaci ne mai kyau ga mai saye don ya hau. In kuwa ajiya ce don riba, ka bar kuɗinka a sana'ar da ka sani.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana yana da tsohuwar Vespa tun kafin aurenmu, yanzu ciwon ƙafa ya hana shi hawa, ya yarda a sayar a ƙara a kuɗin magani. Ɗanmu ya ce a fara kai ta a yi mata sabon fenti da sabuwar kujera za ta fi kuɗi. A yi ko a bari? Daga wata uwa a Idi-Araba.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya ya sa kaffara ne. Kar a yi fentin. Mai sayen tsohon abu fentin kamfani yake nema ko da ya koɗe, in ya ga sabon fenti yana sheƙi zargi yake shiga cewa an rufe tsatsa ko an ɓoye haɗari, kuma a kasuwar yau abin da kuka kashe wa mai fenti da mai kujera ba zai dawo ba. A wanke ta da sabulu a goge, a sa ta tashi, shikenan.

Abu biyu ɗanku zai duba. Ya leƙa ƙarƙashin inda ake ɗora ƙafa, don ita Vespa jikinta shi ne ƙashin bayanta, farantin ƙarfe ne aka matse ba ta da firam na bututu irin na sauran babura, in wurin nan bai huje ba to ku faɗa wa mai saye da ƙarfin gwiwa don shi ne abin da masana ke fara dubawa. Sannan ya duba lambar inji da tambarin jiki ya tabbatar ta Piaggio ce ta Italiya, saboda akwai Bajaj Chetak da LML na Indiya masu kama da ita sak da mutanenmu duk Vespa suke ce musu, kuma kuɗinsu bai kai nata ba. Cikin tsofaffin babura ita tana da ɗan sa'a, masu ɗaukar hoton biki da masu gidajen abinci da masu shirya fim ɗin zamanin da suna nemanta don ado, sai ɗanku ya kai hotonta wurin irin waɗannan a Surulere da Ikeja da Lekki kafin ya saurari 'yan gwangwan na Owode Onirin, su a kilo za su auna ta. Idan wani ya ce haya zai ɗauka na kwana biyu don fim, a karɓi kuɗin ajiya mai kauri a hannu kuma ɗanku ya bi ta har wurin ya dawo da ita da kansa.